Kyamara a Tsakar Gidan Inna Kulu

Fatakwal, farkon watan Mayu

Zuwa ga Yaya Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna da matarka Yaya Aina'u da yara. Yaya zafi? Ni da maigidana Zubair lafiya lau muke, sai ruwan sama da ba ya ɗagawa a garin nan. Aikin asibiti kuwa sai godiya.

Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo maka kamar yadda muka saba, tunda in na kira ku rabin maganar a "kina ji na?" take ƙarewa, kuma Inna ta fi son a zauna a karanta mata.

Akwai kwali da na ba Malam Sabo na Minjibir, direban nan da ke kawo kaya nan ya koma Kano. Ya ce zai kai maka har gida. Kyamara ce mai aiki da hasken rana, tana da gurbin layin waya a jikinta. In ka haɗa ta, daga nan inda nake zan riƙa ganin tsakar gidanmu a wayata.

Yaya, ka san dalili. Tun da jiri ya kwashi Inna a bakin rijiya bara, hankalina bai kwanta ba. Kai kana gona, Yaya Aina'u tana Islamiyya da hantsi, yara suna makaranta, ita kaɗai ake bari. Ni kuwa a nan kullum masu hawan jini irin nata nake jinya, na san abin da faɗuwa ɗaya take jawowa.

Haɗawar ba wuya. Ka bar ta a rana tukuna batirin ya cika. Ka sa mata layin da ya fi kamawa a garinmu, ka sa memorin da ke cikin ƙaramar leda. Sunan manhajar yana jikin kwalin, ka sauke ta a wayarka, ka buɗe da lambarka. Za ta nemi ka haska mata wata alama mai ɗige-ɗigen baƙi da ke ƙarƙashin kyamarar. Don Allah kada ka bar lambar sirrin da ta zo da ita, ka sake wata, sannan ka ƙara ni a cikin masu gani. Ka kafa ta sama, inda awaki ba za su kai ba.

Ka shafa min kan su Rahmatu.

Ƙanwarka,
Nana Maryam

Unguwar Ɗinya, ta Zakirai

Zuwa ga Nana,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana amsawa, ta ce a gaida mai gidan naki. Mu har yanzu ruwa bai sauka ba, amma gabas ta fara haɗa gira da yamma. Mun gama kai taki gona, sharar ma saura ta bakin fadama.

Kwali ya iso. Kin ce haɗawa ba wuya, to Allah ya yafe miki. Sa layi da memori da haska alamar nan duk sun tafi daidai. Abin da ya ba ni ruwa shi ne sabis. Na ɗaga abin nan sama ina zagaya gida da shi kamar mai neman inda aka binne wani abu. A ƙofar ɗakin Inna ba ya kamawa sam. A gindin darbejiya yana kamawa, amma inuwa ta rufe farantin sola. Ƙarshe a kusurwar zaure ta ciki, can ƙarƙashin indararo, na ga sandunan sabis uku sun tsaya cak. Na jingina tsani na kafa ta da ƙusa, farantin kuma na ɗaure shi a kan soro yana kallon sama sosai.

Daga nan tana ɗaukar ƙofar Inna da murhu da rijiya da turken awaki. Na sake lambar sirri, zan faɗa miki da baki, ba zan rubuta ba. Na ƙara ki, ki duba wayarki.

Abu biyu. Na farko, akwai wani wuri a manhajar da in abu ya motsa waya take ƙara. Ban san a kunne yake ba. Kwana na yi ina tsammanin wayata ta haukace, ashe kaji ne. Duk kazar da ta gifta sai an sanar da ni. Na rage masa ƙarfi, yanzu sai mutum ko akuya.

Na biyu, Aina'u ta tambaye ni ko Malam Zubair ma zai riƙa gani. Kin san yadda mace take zama a tsakar gida da zafin nan. Na ce mata ke kaɗai ce, ki tabbatar min da haka.

Inna kuwa da na gaya mata amfanin abin, ta daɗe tana kallonsa, sai ta ce, "To, Allah ya sa alheri."

Yayanki,
Sama'ilu

Fatakwal

Yaya Sama'ilu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni dai kwana biyun nan kasala ce ke damuna, amma ba wani abu ba ne.

Yaya, na gani! Ina ɗakin hutun ma'aikata na buɗe, sai ga tsakar gidanmu tar. Ga turmin nan mai tsagaggen baki, ga igiyar shanya, ga Inna a kan tabarma tana ɓarar gyaɗar iri. Ban san hawaye ya zubo min ba sai da wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Allah ya saka maka da alheri.

Ka gaya wa Yaya Aina'u ta kwantar da hankalinta. Na sa wa manhajar makulli, Zubair ma da kansa ya ce ba ruwansa da cikin gidan surukai.

Sai dai akwai abin da zan faɗa. Shekaranjiya na ga Inna ta ja guga da kanta. Jiya na ga ta zuba gishiri a miya da tafin hannu, alhali likita ya hana. Maganin safe kuma ban ga ta sha ba, sai dai in a ɗaki ta sha. Ban iya haƙuri ba. Ka san akwai lasifika a jikin kyamarar, sai na danna na ce, "Inna, ajiye gugar nan!" Ta firgita har ta saki igiya. Na san ban kyauta ba wajen tsoratar da ita, amma gara haka da a ce ta sake zubewa a wurin.

Ka ja mata kunne, kai ta fi jin maganarka. Kuma ka ɗan karkato min kyamarar dama kaɗan, ina son in riƙa ganin cikin ƙofarta in ta ɗage labule.

Taka,
Nana Maryam

Unguwar Ɗinya

Nana,

Bayan sallama. Muna lafiya, muna fata kasalar ta sake ki. Ina rubuta wannan a gurguje don hadari ya taso sosai, iska ta fara kaɗa ƙyauren zaure, da alama yau za a yi ruwan shuka.

Gugar da Inna ta saki ta tafi da igiyarta, sai da na aro ƙugiya a maƙwabta na ciro. Wannan ba komai. Karkata kyamara zuwa ƙofarta kuwa ban yi ba, ki bari in gaya miki dalili.

Tun ranar da kika yi mata magana Inna ta sake. Ta daina shimfiɗa tabarma a inda ta saba. Ta koma bayan rumbu, inda abin ba ya hange, can take ɓararta, can take sallar walha. In za ta gifta tsakar gida sai ta yafa mayafi kamar mai zuwa unguwa. Na karanta mata takardarki, na tsallake maganar gishiri, amma ta gane akwai abin da na tsallake. Yau da safe muna karyawa, ni da ita da Aina'u, na sake ɗauko zancen a hankali. Ta ajiye ludayi, ta miƙe tsaye, ana cikin haka sai Inna ta faɗi

Fatakwal

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shafi ɗaya ne ya shigo, ya tsaya a kan Inna ta faɗi. Ta faɗi yaya? Da ka ta bugu? Tana magana? Tana motsa hannu da ƙafa? Bakinta ya karkace?

Na kira ka ba ya shiga. Na kira Yaya Aina'u, na kira gidan Kawu, duk a kashe. Na buɗe kyamara, baƙi ƙirin, wai ba ta kan layi. Yau kwana nawa ke nan ban san halin da kuke ciki ba. Ina rubuta wannan ne ko Allah zai sa ta shiga.

In tana gida kada ku ba ta komai ta baki sai an duba ta. Ku kai ta asibiti ko a kan me ne, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe.

Ni na jawo. Ni na kore ta daga inuwarta, na sa ta miƙewa cikin ɓacin rai. Na nemi izini a wurin aiki. Zubair ya ce kada in hau doguwar hanyar nan a yadda nake, har muka yi sa-in-sa, abin da ba mu taɓa yi ba. Mun tsaya a kan cewa ya kira Malam Sabo, yana Minjibir, ya roƙe shi ya je ya gano mana. In bai kira da labari mai daɗi ba, jibi ina mota, kowa ya yi haƙuri.

Nana

Unguwar Ɗinya

Zuwa ga ƙanwata Nana Maryam,

Assalamu alaikum. Kafin komai: Inna lafiyarta ƙalau. Ba ta faɗi ƙasa ba, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Na san Malam Sabo ya riga ya gaya muku, amma ga shi daga hannuna.

Ga yadda shafi na biyu ya fara: "abin da ke ranta." Inna ta faɗi abin da ke ranta. Takarda ce ta ƙare min a daidai nan, na juya baya na ci gaba. Na tura hoton farko, ina cikin tura na biyu ruwa ya kece. Iskar ta lalata wani abu a ƙarfen sabis na bakin titi, garin nan kaf aka rasa waya, sai jiya aka gyara. Ni kuwa ina can muna ta shuka hankalina kwance, ina zaton duka biyun sun tafi.

Da ma kin ga zuwan Malam Sabo. Ya taho a kan babur cikin taɓo, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya yi sallama da murya irin ta masu zuwa gaisuwar rashin lafiya. Inna ce ta leƙo da kanta da ƙwaryar iri a hannu, dawowarta ke nan daga bayan gida inda take shuka kuɓewa. Ya ce, "Inna, an ce kin faɗi." Ta ce, "Na faɗi mana, kuma in an sake tambayata zan maimaita." Sai da Aina'u ta shiga tsakani aka gane juna. Ya ci tuwo ya sha dariya ya tafi. Amma da na karanta mata takardarki ta ƙarshe ba ta yi dariya ba. Ta ce in sake karanta wurin da kika ce ke kika jawo, sannan ta shiga ɗaki ta jima.

Ga abin da ta faɗa ran nan, yadda na riƙe shi. Ta ce: "Ni na haifi yarinyar nan, na san tsoro ne yake sa ta. Amma ko ita da ƙafarta ta zo, ai sai ta yi sallama kafin ta shigo. Wannan abu ba ya sallama. Yana ganina ba na ganin kowa. Na tsufa a gidan nan ban taɓa jin kunyar tsakar gidana ba sai bana."

Gaskiya ta faɗa, Nana.

Ba ta ce a cire ba. Na tambaye ta har sau biyu, ta ce a bar shi, 'yarta ce ta aiko. Sharaɗi ta kafa. In kin buɗe, ki fara yin sallama ta lasifikar, in ta amsa ki zauna, in ba ta amsa ba ki duba ki ga lafiya ki rufe. Ba za a juya shi ƙofar ɗakinta ba. Kuma ba ta son faɗa daga sama, in kina da faɗa ki rubuto a karanta mata kamar mutum.

Ni ma na yi nawa gyaran. Na shiga manhajar na kunna wata 'yar fitila shuɗiya da ke kamawa duk lokacin da wani yake kallo, don ta sani. Na hana kyamarar juyawa ta wuce rijiya. Na kuma yi wa rijiyar murfi da kwaɗo, Aina'u tana cika mata randa kafin ta fita. Maganar gishiri kuwa, ke da ita.

Farantin sola iska ta tuge shi, na same shi a kan danga bai fashe ba. Na mayar na ɗaure da waya mai kauri. Gero ya fara tsirowa, ki buɗe ki ga yadda ƙasa ta yi duhu.

Ki ba Malam Zubair haƙuri a madadina. Daga yau in takarda ta ƙare min a tsakiyar magana, sabuwa zan ɗauko.

Yayanki,
Sama'ilu

Fatakwal, cikin watan Yuli

Yaya Sama'ilu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya noma? Na ga gyaɗar bayan katanga ta rufe ƙasa, tubarkalla. Mu lafiya, Zubair yana gaishe ka, ya ce haƙuri ya wuce tun ranar.

Na daɗe ban rubuto ba don yanzu kusan kullum muna gaisawa da Inna. Na karɓi sharaɗinta duka. Ranar farko na buɗe na yi sallama. Ta ɗaga kai ta kalli fitilar, ta gyara zama, ta ce, "Wa alaikumus salam, Auta, shigo." Wai shigo, Yaya. Na yi dariya na yi kuka.

Yanzu in na tashi daga aiki bayan la'asar nakan buɗe. Ta dawo da tabarmarta tsohon wurinta. Tana tsinkar zogale muna hira, ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta shiga gonar wani. Maganin ma da kanta take ɗago kwalbar ta nuna wa kyamara ta girgiza, wai in ji ya ragu. Wani lokaci ba ma cewa komai, tana aikinta ina ninke kayana, ina jin kukan kurciyoyin darbejiya. Rannan na yi sallama ba ta amsa ba, ga ta zaune ƙalau tana jan carbi. Na rufe na ba ta wuri.

Abu ɗaya: in an yi kwana biyu ana hadari, hoton yakan ɗauke da yamma. Ka shiga wurin batir ka sa ta riƙa hutawa in ba mai kallo, zai fi daɗewa. Ka riƙa goge gilashin kuma, gizo-gizo ya yi saƙa a gefe.

Ka ce wa Yaya Aina'u ta kira ni in ta sami sabis. Magana ce ta mata, ba taka ba.

Ƙanwarka,
Nana Maryam

Unguwar Ɗinya

Zuwa ga Auta,

Ni ce Aina'u nake rubutawa, Inna ce take faɗa. Ta kori yayanki gona, ta ce wannan ba takardarsa ba ce. Ga maganarta:

Ina gaishe ki, ina gaida mai gidanki, Allah ya yi muku albarka. Ni lafiya lau, ƙafa ce kawai in an yi sanyin ruwa.

Aina'u ta zo tana wani rufe-rufe wai tana da albishir. Na ce ta riƙe abinta, na riga ta. Tun kwanakin baya nake jin yadda kike ja da numfashi in kin yi doguwar magana, ga shi na ce zan aiko miki da daddawa kin ce in bari, warinta yana tayar miki da zuciya. Ke da kike lasar ta ɗanya. Allah ya raba lafiya, ya sa mai albarka ne.

Yanzu ki saurara, ni ma lokacin nawa faɗan ya zo. Ashe a haka kika so hawa mota ki keto ƙasar nan don an ce na faɗi? Da kin yi, da ni da ke ba mu shirya ba. Ki rage tsayuwa a wurin aikin nan. Ki ci abinci ko ba kya so.

Na fari a gida ake yi, haka aka yi wa kowa a gidan nan. In lokaci ya matso, likitocinku suka ce kina iya tafiya, mai gidanki ya kawo ki da kansa a hankali. Asibiti na nan kusa, ba a ɗaki zan ajiye ki ba, kada ki fara min wannan zancen. Na sa a ware itacen wanka tun yanzu a rufe shi kada ruwa ya taɓa. Kanwa da gero ba sai an saya ba.

Abin kallon nan naku kuma na yi masa tunani. In kin zo kin sauka lafiya, mai gidanki zai koma bakin aikinsa ya bar ɗansa a nan, zai so gani. Sai a ciro shi daga tsakar gida a kafa a cikin zaure, a ba shi lambar. Da hantsi a riƙa fito masa da yaron yana gani. Ni dai ba zan gifta ta wurin ba, kada ma a fara.

Shi ke nan. Kin yi ƙoƙari, Auta, na san don ni kika yi, kuma hirar la'asar ɗin nan tana min daɗi fiye da yadda nake nunawa. Amma ki taho. Ina so in ɗora hannuna a kanki in ji da kaina, abin nan naku kuwa duk iyawarsa ba shi da wannan.

Mahaifiyarki,
Kulu